Littattafan tsirrai masu launin hannu: me ya sa kwafi biyu na littafi ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san tsofaffin littattafan Turai na hotunan tsirrai ce, irin waɗanda ake cewa da hannu aka shafa musu launi. Manyan ɗakunan karatu sun ɗora da yawansu a intanet kyauta. In mutum ya buɗe kwafi biyu na littafi ɗaya, shafi ɗaya, sai ya ga furen da ya fito ja wur a wannan ya zama ruwan hoda a wancan, ganyen da yake kore shar a nan ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa a can. Wani kwafin ma ba launi ko ɗigo, baƙi da fari ne kawai. To wanne ne na gaskiya? Kuma in an ce da hannu, mai zanen ne da kansa ya zauna ya bi kowane kwafi, ko yaya abin yake?

Na biyu, masu sayar da warwararrun shafuka kowa cewa yake nasa launin asali ne, amma kuɗinsu ya yi hannun riga da juna. Ta yaya ake bambance launin da aka shafa tun lokacin bugu da wanda wani ya shafa shekaranjiya? Na uku, akwai itatuwanmu a cikin irin waɗannan littattafai kuwa, kamar kuka, ɗorawa ko goro? Allah ya ƙara wa malamai sani.

Malam Na-Kundi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Kusan dukkansu na gaskiya ne, har da marar launin. Daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 19, abin da injin bugu ke sa wa takarda baƙar tawada ce. Launi kaya ne daban da ake biyan kuɗinsa daban, kamar mai shadda da zai biya kuɗin ɗinki sannan ya biya kuɗin aiki. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya ɗauki tasa ba aiki, kuma riga ce.

Ka fara da Leonhart Fuchs, Bajamushe masanin tsirrai. A 1542 aka buga littafinsa De historia stirpium a Basel, da hotuna wajen 500 na sassaƙen katako. Mutum uku suka yi aikin: Albrecht Meyer ya zana tsiron yana kallonsa, Heinrich Füllmaurer ya mayar da zanen kan katako, Veit Rudolf Speckle ya sassaƙa. Har hotunansu aka sa a ƙarshen littafin, abin da ba kasafai ake yi wa masu aikin hannu ba. In ka duba hotunan za ka ga layukan sirara ne, ba inuwa, cikin ganyen fili fetal, wuri ne da launi zai zauna ba tare da baƙin layi ya dagula shi ba. A nan ne Turawa da yawa suka fara ganin hoton masara da barkono, shekara 50 kacal da isar jiragensu Amurka.

Da aka koma zane a kan allon jan ƙarfe sai girma da tsada suka shigo. Hortus Eystettensis na 1613, wanda mai haɗa magunguna Basilius Besler na Nuremberg ya shirya wa basaraken bishop na Eichstätt, yana da alluna 367 masu ɗauke da tsirrai sama da 1,000, an jera su bisa yanayin shekara huɗu na can. Iri biyu aka fitar. Na gama-gari baƙi da fari, da rubutun bayani a bayan kowane hoto, fulorin 35 a kuɗin can na lokacin. Na manya kuma a kan takarda mai kauri, bayansa fari tas don kada rubutu ya leƙo ta cikin fure, an shafa masa launi, fulorin 500. Besler ya sayi gida a Nuremberg a kan fulorin 2,500, wato kuɗin kwafi biyar masu launi. Ka riƙe wannan batu na rubutu a baya, domin zai yi maka amfani wajen tambayarka ta biyu. Lambun bishop ɗin da aka zana tsirransa kuwa, sojojin Suwidin sun ragargaza shi a shekarun 1630, littafin ne ya rage.

Batun ko mai zane ne ke shafawa da kansa: yakan faru, amma shi ne mafi ƙaranci. Mark Catesby, da ya rasa kuɗin biyan masu zanen ƙarfe, ya koyi aikin ya yi alluna 220 na tsirrai da tsuntsayen Carolina da Bahamas, ya kuma shafa wa kwafin farko-farko launi da hannunsa. Wadda ta fi ba ni mamaki Elizabeth Blackwell ce. Mijinta na kurkuku saboda bashi, sai ta kama ɗaki kusa da lambun magunguna na Chelsea a Landan, ta zana tsirrai 500, ta yi zanen ƙarfen, ta shafa launin, tana fitar da hotuna huɗu duk mako har mako 125, daga 1737 zuwa 1739. Ta fitar da mijin daga kurkuku kuwa. Ya tafi Suwidin ya tsoma baki cikin rikicin gadon sarauta, aka sare masa kai a 1747.

Fitarwa kashi-kashi ɗin nan shi ne ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya. Ba mai jarin da zai buga hotuna 500 a lokaci ɗaya, sai a nemi mutanen da za su rubuta suna su riƙa karɓa suna biya, kuɗin wannan kashi ya buga na gaba. William Curtis ya sayar da kowane kashi na Flora Londinensis, mai hotuna shida, a kan sule biyu da sisi ba launi, sule biyar da launi, sule bakwai da sisi in ana son launin da aka yi wa aiki a natse. Ka ga tun daga shagon mai littafin kwafi uku sun riga sun bambanta. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, saboda ciyayin bakin hanyar Landan ya zana, masu kuɗi kuwa furannin ƙetare suke so. Sai a Fabrairun 1787 ya fito da mujallar Botanical Magazine, ƙarama, hotuna uku, sule ɗaya, ta riƙa sayuwa wajen kwafi 3,000 a wata. Yi lissafi: takarda 9,000 kenan duk wata da sai an bi da burushi. Mujallar ba ta daina launin hannu ba sai 1948, kuma har yau tana fitowa daga lambun tsirrai na Kew a Landan.

Ƙarshen tsada kuwa Flora Graeca ne. John Sibthorp na Oxford ya tafi Girka da Turkiyya a 1786 tare da mai zane Ferdinand Bauer. A hanya ba lokacin haɗa fenti, fure kuma ba ya jira, sai Bauer ya riƙa zane da fensir yana rubuta lambobi a kan kowane sashe na tsiron, kowace lamba da launin da take nufi, wajen 140. Da suka koma Oxford ya shafe shekaru yana mayar da lambobin launi. Sibthorp ya rasu a 1796 ya bar wasiyyar a yi amfani da kuɗin gonarsa a buga aikin. Mujalladi 10, hotuna 966, daga 1806 zuwa 1840, cikakkun kwafi 25 kaɗai a bugun farko. Mai saye ya biya fam 254, alhali abin da aka kashe wa kowane kwafi ya haura fam 600. Ko a kwafi 25 ɗin, takarda 24,150 kenan aka shafa ɗaya bayan ɗaya cikin shekara 34. Hannun da ya fara mujalladi na farko da wuya a ce shi ya gama na goma.

Hajiya Mai Zayyana ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi, sai dai ina da togaciya a kan cewa inji baƙi kaɗai yake bugawa. Akwai manyan littattafai da dillalai ke kira masu launin hannu alhali akasarin launinsu bugawa aka yi. Phytanthoza Iconographia na Weinmann, Regensburg, 1737 zuwa 1745, mai hotuna 1,025, yana cikin na farko-farko. Wanda kowa ya sani kuma Pierre-Joseph Redouté ne: Les Liliacées, hotuna 486 daga 1802 zuwa 1816, da Les Roses, wardi 169 daga 1817 zuwa 1824. Shi allonsa ba layi ake ja ba, ɗigo-ɗigo ake sassara wa ƙarfen, inda ake son duhu a cunkusa su, inda ake son haske a warwatsa. Mai bugu sai ya ɗauki ƙananan ƙullin tsumma, Faransawa na ce musu 'yar tsana, kowanne da tawadarsa, ya cusa kore a ramukan ganye, ja a na fure, ya goge saman allon, ya buga sau ɗaya. Kafin takarda ta gaba sai an sake duk wannan daga farko. Burushi a ƙarshe yake zuwa, ya ɗan ƙara duhu a nan, ya fito da jijiyar ganye a can. Da gilashin ƙara girma za ka gani: ɗigon kansa kore ne ko ja, ba baƙi ba ne da aka lulluɓe da launi.

Yadda ake ainihin launin hannu kuwa ga shi. Takardar da ta dace da bugun ƙarfe mai laushi ce, ana jiƙa ta kafin a buga don ta shiga ramukan allon ta ɗebo tawada. Irin wannan takarda in ka ɗora mata fentin ruwa kai tsaye sha za ta yi ya bazu. Saboda haka bayan tawada ta bushe sai a shafe ta ko a tsoma ta cikin ruwan danƙon fata mai ɗumi da aka sa wa ɗan alif, a shanya. In wannan shafi ya yi kaɗan launi ya tsallake layi ya yi gemu, in ya yi yawa fenti ya ƙi kamawa ya taru ƙwaya-ƙwaya.

Mai zane, ko babban ma'aikacin shago, shi ke shafa takarda ɗaya ta zama samfuri. Sauran ma'aikata, galibi mata da yara da ake biya bisa yawan takardun da suka gama, su suke kwaikwaya. A manyan shaguna mutum ɗaya launi ɗaya yake riƙewa: wannan ya bi takarda ɗari da kore mai haske, ya miƙa wa na kusa ya sa ja. Ana farawa da mai haske a tsinke, a bari ya bushe, a ɗora mai duhu, domin fentin ruwa ba ya komawa baya, in ka yi duhu ka yi kenan. A ƙarshe akan shafa ruwan ƙaro zalla a kan wurare masu duhu da 'ya'yan itace don su yi sheƙi. Shi ne ƙaron da muke sa wa tawadar allo, kuma a ƙarni na 18 akasarin wanda Turai ke amfani da shi ta kogin Senegal yake fita. Samfurin kansa yana tsufa yana dauɗa a hannun ma'aikata, fentin da aka haɗa ranar Litinin ba lalle ya yi daidai da na Alhamis ba, kuma wani kwafin sai bayan shekara goma da bugu aka samu mai saye sannan aka shafa masa. Rabin bambancin da Ɗan Fagge ya gani daga nan yake.

Ɗaya rabin aikin zamani ne a kan sinadaran. Koren da ake samu daga tsatsar jan ƙarfe yana da kyau ranar farko, amma da shekaru yakan koma ruwan ƙasa, ya ci takardar har inuwarsa ta fito ta baya, wani lokaci wurin ya farfashe ya zube. Koren da aka haɗa da shuɗi da rawaya kuwa, in rawayar ta tsiro ce, haske na cinye ta ya bar shuɗin, ko shuni ne ko shuɗin Berlin da aka gano wajen 1706. Ganye shuɗi-shuɗi da ka gani kenan. Jan da ake samu daga ƙwaron kocinil na Meziko shi ma ba ya son haske, shi ke komawa ruwan hoda har ya kusa ɓacewa. Farin dalma, wanda ake ɗigawa a kan farin fure ko a gauraya da wani launi, in iska mai hayaƙin kwal ta same shi sai ya zama toka-toka ko baƙi. In ka ga farin fure da baƙin tabo daidai inda ya kamata ya fi haske, ba kuskuren mai shafawa ba ne.

Don haka kwafin da ya kwana a rufe cikin kabad shekara 200 yakan fi wanda aka rataye a bango shekara 20 kusa da abin da mai zane ya nufa.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Wato kenan in na ga shafi mai launi garau kamar yau aka yi shi, ba hujja ba ce cewa sabo ne, tunda mai yiwuwa a rufe ya zauna. To ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da me za a kama mai sabon shafi?

Baban Sadiya ya amsa:

Ɗan'uwa, kafin launi fara da takarda da bugu, don wani abin da ake tallatawa ma ba tsohon bugu ba ne sam. Samu gilashi mai ƙara girma sau goma. In ka ga launin ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigogi a jere kamar raga, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, hoton inji ne na zamani, magana ta ƙare. Bugun ƙarfe na gaske yana barin shaidar gefen allo, ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, kuma layin tawada yana ɗan tasowa sama da takarda. Sassaƙen katako da bugun dutse ba su da wannan shaida, saboda haka rashinta a hotunan Fuchs, ko a hotunan da Walter Hood Fitch ya yi wa Botanical Magazine a kan dutse, ba aibi ba ne. Akwai ma togaciya mai daɗi: Maria Sibylla Merian, wadda ta je Suriname a 1699 ta fitar da littafinta mai alluna 60 a Amsterdam a 1705, da abarba da rogo da gwanda a ciki, takan ɗora sabuwar takarda a kan bugun da bai bushe ba ta sake matsawa. Hoton sai ya fito a juye, layinsa a dushe, ba shaidar allo, ya yi kama da zanen hannu in an sa masa launi. Irin waɗannan sun fi na yau da kullum daraja.

Sai ka ɗaga takardar a haske. Ta kafin ƙarshen ƙarni na 18 za ka ga siraran layuka a matse, da wasu masu faɗi da ke ratsa su, tsakaninsu kamar santimita biyu da rabi. Takarda mai santsi marar layuka James Whatman ya fara ta a Ingila wajen 1757, ba ta yaɗu ba sai shekarun 1790. Shafin da aka ce na Besler ne na 1613 a kan irin wannan takarda ƙarya ce. Daga 1794 masu takardar Ingila suka riƙa sa shekara cikin tambarin da ke jikin takarda, kuma da shi ake rarrabe Flora Graeca na farko da kwafi 40 da Henry Bohn ya sake bugawa da alluna ɗaya daga 1845. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na Kano ko Borno ya san wannan dubawa, domin ta haka ake ganin tambarin jinjirin wata guda uku na takardar Italiya da ke zuwa ta Tarabulus.

In takarda da bugu sun tabbata, to a zo ga launi. Juya shafin. Tsohon koren jan ƙarfe yakan bar inuwa mai ruwan ƙasa a baya daidai siffar ganyen. Alama ce mai kyau, amma kada ka rataya a kanta ita kaɗai: masu wayo suna shafa ta da gangan, kuma littattafan ƙarni na 19 da yawa ba su yi amfani da wannan kore ba. Abin da ya fi kama ɓarawo shi ne tsarin abin da ya riga wani. Tabon tsufa mai kamar tsatsa, hudar ƙwaro, yagewar da aka liƙe, duk bayan launin asali suka zo. In fenti ya hau kan tabo, ko ya gangara cikin bakin huda ya rina ta, ko ya bi ta kan liƙi, to bayansu aka shafa shi. In shafin na cikin littafinsa, duba takardar da ke fuskantarsa, launin da suka daɗe tare yakan bar mata ɗan gurbi.

Sinadaran ma suna da ranar haihuwa. Rawayar kurom ba ta shiga kasuwa ba sai bayan 1810, koren arsenik mai ƙyalli 1814, shuɗin lazuward na masana'anta wajen 1828, farin zinki a fentin ruwa 1834, shunayyar kwalta 1856, farin titaniyam sai kusan 1920. Shunayya mai kashe ido a littafin 1740 abin tuhuma ce. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci a nan, ɗakunan adana kayan tarihi na'ura suke haskawa ta faɗi ƙarfen da ke cikin fentin ba tare da an taɓa shi ba. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da tocilan ɗin da ake duba jabun kuɗi: a cikin duhu takardar bayan 1950 takan yi walƙiya fari-shuɗi, tsohuwa kuwa dushe take.

Sai batun da Malam Na-Kundi ya ce a riƙe. Shafin Besler mai launi wanda ke da rubutu a bayansa, mafi yawan lokuta daga kwafin baƙi da fari ya fito, aka yi masa kwalliya daga baya don ya sayu. Takardar ta gaske ce, bugun na gaske ne, launin ne baƙo. Ba laifi a saye shi don ado in an faɗi gaskiya aka sa kuɗinsa daidai. Abin da ni ban yarda da shi ba shi ne farke lafiyayyen littafi don a sayar da shi shafi-shafi. Hatta ainihin zanen Redouté na Liliacées a kan fata, da aka yi gwanjonsu a New York a 1985 a kan dala miliyan 5.5, rarraba su aka yi, yanzu ba mai iya ganinsu a wuri ɗaya.

Malama Ta-Gandu ta amsa:

Ba wanda ya taɓa tambaya ta uku, bari in ɗan sa baki. Akwai, sai dai ba yawa, kuma na bakin teku sun fi na Arewa samun shiga, saboda inda jirgi ke tsayawa nan masu tattara tsirrai ke yawo.

Babban littafi mai launi a kan tsirran ƙasar da ta zama Nijeriya shi ne Flore d'Oware et de Bénin na Palisot de Beauvois. Bafaranshe ne da ya sauka yankin Warri a 1786, ya shiga har Bini, ciwo ya kore shi zuwa Haiti, kuma yawancin abin da ya tara ya ƙone. Da abin da ya tsira ya fitar da mujalladi biyu masu alluna 120 a birnin Faris, kashi-kashi, daga farkon shekarun 1800 har zuwa wajen rasuwarsa a 1820. Irin aikin da Hajiya ta bayyana ne, bugun launi da burushi a kai. Goro na ciki, amma ba namu mai ɓari biyu ba, mai ɓari uku zuwa sama ne wanda Yarbawa ke kira abata, kuma har yau sunansa na kimiyya, Cola acuminata, yana ɗauke da gajeren sunan mutumin. Ɗorawa ma na ciki da wani tsohon suna. Sunan Parkia da take amsawa yanzu Robert Brown ne ya sa mata a 1826 don tunawa da Mungo Park, a rataye na littafin tafiyar Turawan Birtaniya Denham da Clapperton, wadda ta kai su Borno, ta kai Clapperton Kano da Sakkwato.

Kuka ta riga su duka shiga littafi: Prospero Alpini ya ambaci 'ya'yanta a littafinsa na tsirran Masar a 1592, inda ya gan su a kasuwa. Hotonta mai launin hannu yana cikin Botanical Magazine na 1828, alluna biyu a jere, masu lamba 2791 da 2792. In kuma ka ga "Guill. & Perr." a bayan sunan kimiyya na marke ko baushe, Guillemin da Perrottet ake nufi, masu littafin tsirran Senegambiya na 1830 zuwa 1833, wanda itatuwansa suka fi kama da na dajinmu. Niger Flora na 1849, da aka gina a kan abin da Theodor Vogel ya tara a tafiyar Kwara ta 1841 kafin ya rasu a tsibirin Fernando Po, hotunansa 50 baƙi da fari ne. A lokacin masana sun fara ganin launi kashe kuɗi ne, abin da suke so shi ne a tsaga fure a nuna sassansa.

In za ka nemi itace a waɗannan littattafai, nemo sunansa na kimiyya tare da tsofaffin sunayensa, don da wuya ka same shi da sunan da yake amsawa yau.

Hajiya Mai Zayyana ta ƙara da cewa:

Ɗan ƙari ga duk wanda shafi ɗaya ya shigo hannunsa a ƙasarmu, don yanayinmu ya fi hayaƙin Landan saurin kashe shi. Abin da takarda ke so laima ce tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Da hunturu a Kano takan faɗi ƙasa da 20, ƙaron da ke kan launi ya tsattsage ya ɓanɓare in an lanƙwasa shafin. Da damina takan haura 65, fumfuna ta tashi, sheƙin ƙaron ya yi danƙo ya manne da duk abin da ke kansa. A ajiye shi a kwance cikin kwali marar asid, da farar takarda mai laushi a kan fuskar hoton, kwalin cikin akwati mai murfi, a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara. Akwatin na rage saurin sauyin, wanda shi ya fi ɓarna.

Kada a liƙa masa salatif, danƙonsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada a kai shi shago a rufe shi cikin leda da injin zafi, wannan ba ya warwaruwa. Yagewa da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama ake gyara ta, ta baya, don ruwa kaɗan na cire shi in an so. Kada kuma a goge fuskar hoton da komai mai laima, fentin ruwa ne, yatsa mai gumi ma na ɗaga shi. In dole sai an rataye, a sa kwali mai taga tsakaninsa da gilashi don kada su haɗu, a bangon da rana ba ta kaiwa. Gidajen tarihi hasken da bai wuce lukus 50 ba a ma'aunin haske suke ba irinsa, wata uku zuwa huɗu, sannan su mayar da shi akwati.